Jar Hodar Ido Ranar Saukar Umma

Mahaifiyata ta haura shekara sittin lokacin da ta sauke karatu. Umma muke ce mata, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin komai a fuskarta ba sai kwalli da man shafawa. Ko hoda ba ta sawa, wai atishawa take sa ta. Sana'arta alkaki da dubulan, na gara da na suna, a gidanmu da ke cikin wani lungu a Madabo. Ranar da take da aiki, tun daga bakin lungu ake jiyo ƙamshin suya.

Ba ta yi nisa a makaranta ba tana yarinya. Ta haddace gajerun surorin da take salla da su, amma ba ta iya duba baƙi ta karanta ba. Ba wanda ya damu da hakan, ita ma ba ta taɓa nuna ya dame ta ba, sai da kakarmu, wadda ta haife ta, ta rasu. Ranar addu'a mata sun cika tsakar gida, aka kawo Littafin Allah irin wanda aka raba izu-izu, ana miƙa wa kowa ta karanta wa mamaciya. Wata baƙuwa da ba ta san Umma ba ta miƙo mata ɗaya. Ina zaune a gefenta. Ta karɓa da hannu biyu, ta buɗe, ta daɗe tana kallon takardar. Can ta rufe ta miƙo mini, ta ce ƙasa-ƙasa, "Auta, karanta. Na manto tabarauna."

A lokacin Umma ba ta ma da tabarau.

Ana share makoki ta shiga Islamiyyar matan aure da ke bayan layinmu. Baba maɗinki ne, kekensa a soron gida yake, ya tattara ƙyallayen shadda ya ɗinka mata jakar ratayawa. Daga ranar ya sa mata suna 'yar makaranta. In ta fito da hantsi da hijabinta za ta wuce, sai ya tsayar da keke ya ce, "'Yar makaranta, a yi sauri kada a sha bulala." Ita kuma ta ce, "Malam, ka dai ji da ɗinkin mutane."

Karatun bai zo mata da sauƙi ba. Ajinsu kusan duk sa'o'ina ne, wasu ma na girme su. Su a biya musu sau ɗaya sun ɗauka, ita sai ta zo gida ta yi ta maimaitawa a gaban kasko, tana juya alkaki tana jan harafi. Akwai shekarar da aka bar ta a aji aka wuce da sauran. Ta dawo ba ta ci abinci ba, washegari ta ɗauki jakarta ta koma.

A sabon ajin ne ta haɗu da wata yarinya, matar wani mai gyaran waya, suna haya a Dukawuya. Tabarmarsu ɗaya, kafaɗa da kafaɗa. Yarinyar tana da kaifin kai, kuma ba ta gajiya da maimaita wa Umma. In Umma ta ɓace a layi, sai ta ɗora mata yatsa a wurin ba tare da ta yi magana ba, don kada aji su lura. Umma ba ta kiran ta da komai sai ƙawata. Tun muna dariya har muka saba, mu ma muka koma ce mata ƙawar Umma. Ita kuma Mama take ce mata. Sun yi shekaru a haka, har ana saura kaɗan su sauke, yarinyar ta haifi 'yan biyu, duka mata, ƙaramar ba ta da ƙoshin lafiya. Ba ta da kowa a birni da zai riƙe mata su. Ta yi ta cewa za ta dawo bayan arba'in, ba ta dawo ba. Umma ta ƙarasa sauran izun ita kaɗai.

Da aka sa ranar sauka gidanmu ya ɗauki harama. Yayarmu, wadda ke aure a Mandawari, ita ta riƙe ragamar komai: wa za a gayyata, waina za a yi ko alkubus, tabarmi nawa za a aro. Ita ce 'yar farin Umma, don haka Umma ba ta faɗin sunanta, ba ta kuma jan magana da ita. In tana son gaya mata abu, ni take gaya wa, ko da Yaya tana zaune a wurin. "Auta, ce wa waccan a rage yaji a miyar." Haka muka taso muka gani.

Ana saura 'yan kwanaki, na taso daga makarantar firamaren da nake koyarwa na biya gida. Na tarar da Umma ta sa hijabi tana jira na. Ta ce in raka ta kasuwa. Na ɗauka sukari ne ko kayan ƙamshi, sai da muka fita daga lungu, ta waiwaya ta tabbatar Baba ba ya jin mu, sannan ta ce, "Abin nan da 'yan mata ke shafawa a saman ido. Ya ma sunansa?"

Na ce, "Jagira?"

"A'a, ba na gira ba. Na fatar ido. Mai ƙyalli."

"Aishado? Hodar ido?"

"Shi. Ja nake so."

Na ce wa za ta ba. Ta ci gaba da tafiya kamar ba ta ji ba, har muka tsallake kwata, sannan ta ce, "Ni zan sa."

Ban san lokacin da na yi dariya ba. Ita ma ta ɗan murmusa, amma ba ta janye ba. A cikin adaidaita sahu ta yi mini bayani. Wai ƙawarta ce take sawa wani lokaci, in ta zo makaranta daga gidan suna ko biki. Ja ne, ba irin jan nan mai ihu ba, mai ɗan duhu, kamar garwashin da ya fara kwantawa. "In ta sunkuyar da kai tana karatu, sai in shagala da kallonta har in ɓace a layi. Kin san mai karatu ba idonsa ake gani ba, fatar idonsa ake gani. Tun a lokacin na ce a raina, in Allah ya nuna mini ranar sauka, sai na sa irinsa ko sau ɗaya ne."

Mai shagon kayan kwalliyar saurayi ne. Da na faɗi abin da muke nema, ni ya kalla, ya ɗauko wani faffaɗan faranti mai gida-gida, launi iri-iri, yana cewa wannan shi amare ke yayi. Umma ta ce ita guda ɗaya take so, ja kawai. Ya ce, "Hajiya, jikarki za a aurar?"

Ta ce, "Ni ce dai za a saukar."

Bai gane ba, sai da na yi masa bayani. Nan take ya canza murya, ya yi mata barka, ya jawo mata kujera. Ya zube mata 'yan gwangwanaye masu madubi a murfi, duk jajaye. Ta riƙa dangwalawa da yatsa tana gogawa a bayan hannunta. Wannan ya yi kama da janbaki, wancan ya yi fari, wancan ƙyallinsa ya yi yawa kamar na rigar yara. Da ta zo kan wani, ta tashi ta fita bakin shago inda rana take, ta juya hannunta sama da ƙasa. Launinsa tsakanin zoɓo da lallen da ya kama sosai, da wani ɗan sheƙi da ba ya fitowa sai haske ya taɓa shi. Ta dawo ta ce, "Wannan ne."

Da mun yi shiru da bakinmu da shi ke nan. Amma washegari Yaya ta zo ɗaukar manyan kwanuka a ɗakin Umma, ta ga gwangwanin a kan madubi. Ta ɗauka nawa ne, ta ce in daina watsar da tarkacena a ɗakin mutane. Na ce na Umma ne, na ranar walima.

Yaya ta ajiye kwanukan. Ba mai faɗa ba ce, amma in ta ga abu bai yi mata ba sai ta faɗa. Ta ce, "Umma, don Allah ki rufa mana asiri. Surukaina za su zo, surukan Auta za su zo, ga Goggo. Walimar karatu ce fa, ba kamu ba. Mace da jikoki ta fito da jan ido mai ƙyalli, me za a ce? Ni wallahi ba don kaina ba, ke nake ji. Kin san bakin mutanen lungun nan."

Umma tana zaune a bakin gado tana tsince ridi a faifai. Ba ta ɗago ba. Ta miƙa hannu ta ɗauke gwangwanin ta tura ƙarƙashin filo, ta ci gaba da tsintarta. Yaya ta kwashi kwanukanta ta fita.

Sai da muka ji ta yi sallama da Baba a soro, Umma ta ce, "Auta, gaya wa waccan ba a makaranta zan sa ba. Can akwai maza, kuma Malama ta ce ban da kwalliya, na ji. A ɗakina zan sa, in fito tsakar gidana, cikin mata 'yan uwana. Duk bikinku ni ce a gindin murhu, da hayaƙi a ido. Nata ma haka, naki ma haka. Ban taɓa cewa komai ba, don daɗi nake ji. Wannan kuwa nawa ne."

Na kai wa Yaya saƙon kamar yadda aka ba ni. Ta ce, "Allah ya kyauta." Ba ta sake tayar da maganar ba, amma na san ba ta sauko ba.

Ranar sauka da safe aka yi taro a filin makarantar. Masu sauka sun yi anko da fararen hijabai, Umma ce babba a cikinsu nesa ba kusa ba. Da aka zo kanta aka miƙa mata lasifika. Ta fara da murya can ƙasa, ta yi tuntuɓe a wata kalma, ta tsaya, ta koma baya ta gyara da kanta kafin Malama ta buɗe baki. Daga nan muryar ta zauna. Na hango Baba a cikin maza, ya cire tabarau yana ta goge shi da bakin riga. Aka ba ta allo mai zayyana da takardar shaida, muka dawo gida ana ta yi mata barka a hanya.

Bayan azahar mata suka fara cika gida. Umma ta yi wanka, ta ɗaura sabuwar atamfa mai ruwan goro da Baba ya ɗinka mata, ta kira ni ɗaki ta ce in saki labule. Ta ciro gwangwanin daga ƙarƙashin filo ta miƙo mini.

Ni ba gwanar kwalliya ba ce. Iyakata hoda da man leɓe. Na ɗauki ɗan soson da ke ciki na dangwala sosai, na ce ta rufe ido. Ban taɓa kusantar fuskar Umma haka ba tun ina ƙarama. Fatar idonta ta yi laushi, ta saki, tana bin soson duk inda na ja shi. Ga shi ba ta saba ba, da na taɓa sai ta ƙifta. Hodar ta taru a cikin tamoji, ta zubo kan kumatu. Na ce bari in daidaita ɗayan, shi kuma ya fi na farko yawa. Na koma na ƙara wa na farko. Kafin in ankara jan ya kai har gindin gira.

Ta ce in ba ta madubi. Na yi jinkiri, ta miƙa hannu ta ɗauka da kanta.

Kamar wadda ta kwana tana kuka, ko wadda rina ta harba. Ta kalla ta gefen dama, ta kalla ta gefen hagu. Ba ta yi fushi ba, da ma fushin ta yi. Ta kifa madubin a cinyarta ta ce, "Ɗauko ruwa ki goge mini. Waccan ta fi ni gaskiya. Abin yara ne."

Na ce hannuna ne bai iya ba, ba laifin fuskarta ba ne. Ta ce, "Goge dai, mutane na jira."

Na jiƙa tsumma ina gogewa, ita ta rufe ido. A waje ana ta hayaniya, ana sauke waina, wata tana tambayar ina mai saukar ta shige. Ina cikin gugar Yaya ta ɗaga labule don ta ce a fito. Ta ga tsumman ya yi ja, ta ga fuskar Umma, ta tsaya a bakin ƙofa.

A daidai nan aka yi sallama a bayanta, wata siririyar murya ta ce, "Mama tana ciki?"

Ƙawar Umma ce. Umma ta aika mata tun da aka sa rana, ita kuma ta ce da wuya ta samu zuwa saboda jikin ƙaramar. Ga ta nan ta zo, ɗaya a goye ɗaya a kafaɗa, duk ta yi gumi, ta rame har wuyanta ya fito. Fuskarta ba ko kwalli. Ta durƙusa ta gaida Umma, ta yi mata barka, sai idonta ya faɗa kan gwangwanin da ke buɗe a kan gado. Ta kalli tsumman hannuna, ta kalli Umma.

"Mama, irin nawa kika saya?"

Umma ta ce, "Na saya, ƙawata, amma bai karɓe ni ba."

"Wa ya ce? Cika shi aka yi. Ai ba a yi masa haka."

Ba ta tambayi kowa ba. Ta miƙo mini ta kafaɗar, ta kwance ta bayan ta juya ta ɗora wa Yaya a hannu. Yaya ba ta da yadda za ta yi, ta karɓa. Yarinyar ta wanke hannu a sauran ruwan, ta tsane fuskar Umma da gefen mayafinta, ta ajiye soson can gefe ta ce wannan ba ya aiki. Ta sa babban yatsanta ta ɗage girar Umma sama kaɗan har fatar ta miƙe. Ta taɓa hodar da ɗan yatsanta na kusa da ƙarami, ta kakkaɓe a bayan hannu, sannan ta riƙa dannawa a hankali, ba ja ba, daga tsakiya zuwa gefe.

"Kada ki matse idon, Mama. Ki yi kamar kina duba layin ƙasa."

Umma ta yi hakan, idon ya daina ƙiftawa. Suna yi suna hira kamar suna kan tabarmarsu. Umma ta ba ta labarin inda ta yi tuntuɓe da safe, yarinyar ta ce ai wurin nan kowa yana kamawa. Ta tambayi wa da wa suka sauke, Umma ta lissafa mata. Yarinyar ta ci gaba da dannawa, hannunta bai tsaya ba. Da ta gama ta karɓi kwallin Umma na kullum ta zizara mata siriri, ta ja da baya tana dubawa.

Ni dai na ga Umma ce, ba wata ba, sai dai kamar an kunna fitila a kusa da ita. Jan bai fito fili ba sai ta sunkuyar da ido. Kafin in yi magana, Yaya, wadda ke jijjiga jaririya a bakin ƙofa, ta matso ta leƙa. Ta karkata kai. Ta ce wa yarinyar, "Na hagun bai kai na daman ba. Ɗan ƙara masa kaɗan daga gefe."

Aka ƙara. Umma ba ta kalli Yaya ba, ta ɗauki madubi ta duba, ta daɗe. Sannan ta ce, "Auta, ce wa waccan ta miƙo mini ɗankwalina."

Yaya ta miƙa mini jaririyar, na haɗa biyu a hannu, ita da kanta ta ɗaura wa Umma ɗankwalin.

Da muka fito tsakar gida, an shimfiɗa wa Umma darduma a gindin bango inda inuwa ta fara sauka. Mata suka ɗauki barka da guɗa. Ban ce kowa ya yaba ba. Na ga wasu maƙwabta biyu sun haɗa kai suna magana, na ga surukar Yaya ta kalla ta kawar da kai. Goggo, yayar Baba, tsohuwa ce da ba ta ɓoye abin da ke bakinta. Ta sa hannu ta kare ido kamar mai hangen nesa, ta ce da ƙarfi, "Ikon Allah! Yau kuma amarya muka samu a gidan?"

Wasu suka yi dariya. Umma ta gyara zama, ta ce wa Goggo, "A'a Yaya, ɗaliba dai."

Goggo ta ce, "To ɗaliba, a karanta mana mu ji, in karatun ya kai kwalliyar."

Aka miƙo mata littafinta, ta buɗe. Kafin ta fara ta ɗaga kai tana dube-dube har ta hango ƙawarta, wadda ta rakuɓe a bakin rijiya tana ba ƙaramar nono. Ta yafito ta. Yarinyar ta girgiza kai, Umma ta ce, "Zo nan, ni ban iya karatu ba kya kusa." Ta taso ta zauna a gefenta a kan dardumar, kafaɗa da kafaɗa, da jaririya a ƙirji.

Umma ta sunkuyar da kai ta fara. Rana ta yi la'asar, haskenta yana tsallako katanga yana sauka a gefen fuskarta, sai ga jan nan yana ɗan motsi duk lokacin da idonta ya bi layi. Gidan ya yi tsit, sai kukan tantabarun maƙwabta. Wannan karon ba ta yi tuntuɓe ba. Yarinyar tana bin ta da leɓe ba sauti, hawaye na zubo mata, tana sharewa da bayan hannu don kada ya ɗiga kan takardar. Da aka shafa addu'a, Goggo ta ce a matso mata da Umma. Ta kama haɓarta ta juya fuskar zuwa haske, ta duba da kyau, ta ce, "Karatun dai ya yi. Wannan kuma, to, ba laifi." A wurin Goggo wannan yabo ne babba.

Gab da magariba baƙi suka watse. Muna tattara kwanuka ni da Yaya, Umma tana zaune a bakin rumfa ta miƙe ƙafa, Baba ya shigo daga soro, inda ya wuni da nasa baƙin. Ya fara cewa, "'Yar makaranta, yau dai…" sai ya tsaya. Ya matso ya sunkuya.

"Subhanallahi. Me ya samu idonki? Ciwon idon nan ne da ake yi? Bari in je kemis kafin su rufe."

Har ya juya. Umma ta ce, "Malam, dawo. Kwalliya ce."

Ya dawo a hankali. Ya jawo kujera 'yar tsugunne ya zauna a gabanta, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ce ta rufe idon ya gani. Ta ce ita ba za ta rufe ba, yara na nan. Ya ce to ta kalli ƙasa. Ta kalli ƙasa. Ya yi ta kallo, sannan ya ce, "Tun yaushe ake sayar da wannan abin?"

Ta ce, "Ya daɗe."

Ya ce, "Ai da an gaya mini."

Umma ta ja mayafi ta rufe fuska tana cewa ya tashi ya tafi masallaci. Ni da Yaya muka kwashi kwanuka muka yi madafa da sauri, muka tsuguna a can muna toshe baki. Da aka kira salla ta yi alwala, rabin jan ya bi ruwa, sauran ta goge da man shafawa.

Bayan sati guda, tun da ba ta da makarantar zuwa da hantsi, Umma ta fara tafiya Dukawuya. Takan zauna a ɗakin ƙawarta ta riƙe 'yan biyun, yarinyar ta buɗe littafi ta ɗora daga inda ta tsaya. Da ƙaramar ta yi ƙwari, sai aka koma kawo su gidanmu a bar wa Umma, uwar ta wuce makaranta. Ta sauke da 'yan ajin da ke bayan su Umma.

Hodar kuwa Umma ta ƙara sawa sau ɗaya ko biyu, ranar sallah da ranar sunan ɗana, kuma duk ƙawarta ce ta sa mata. Ƙarshenta a hannun 'yan biyun ya zo, lokacin da suka fara tafiya suna jawo duk abin da hannunsu ya kai. Wata rana Umma tana suya ta ji ɗaki ya yi shiru da yawa. Ta leƙa ta tarar sun buɗe gwangwanin, sun farfasa hodar, sun shafe fuskokinsu da cikinsu da zanin gado, babbar har da harshe. Uwar da ta dawo ta ga ɓarnar ta rasa inda za ta sa kanta, ta rantse gobe za ta sayo wata. Umma tana wanke su a baho tana dariya har da tari, ta hana ta.

Ni ma daga baya na ce zan sayo mata in na shiga kasuwa. Ta ce in bar shi, ta sa ta ga yadda yake. Ta ce in dai ina son yi mata alheri, in nemo mata littafi mai manyan baƙi, don ƙananan sun fara yi mata hazo.